Fata Marar Ɗinki: Nazari Kan Ƙarko da Gyaran Mutum-mutumin Silikon

Tun da kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe a 1964, masu ƙera mutum-mutumin jarumai suke fama da matsala guda wadda har yau ba ta sake su ba, wato gaɓa. Sojan robar nan mai tsawon kusan inci 12 an tallata shi ne da cewa sassa 21 na jikinsa suna motsi, kuma motsin ne ya raba shi da 'yar tsana. Sai dai duk inda aka sa motsi dole a yanka jiki, a bar ƙusa ko ƙwallo a fili a gwiwa da kafaɗa da wuyan hannu. Muddin jarumin yana cikin kakin soja babu mai gani. Ranar da aka ce a ƙera ɗan dambe, ko wata jaruma mai damatsa a waje, ranar asiri ke tonuwa.

Yaro ba ruwansa da wannan. Amma kasuwar ta daɗe da fin ƙarfin yara. Kamfanoni irin su Hot Toys, wanda aka kafa a Hong Kong a 2000, manya suke ƙera wa kaya: mutum-mutumi mai girman kashi ɗaya cikin shida na mutum, ɗauke da fuskar ɗan wasan fim har da tamojin goshinsa, ana sayar da guda ɗaya ɗaruruwan daloli. Wanda ya biya wannan kuɗi ba ya son ganin ƙusa a gwiwar hannu. Amsar da masana'antun ƙasar Sin suka kawo, wadda ta bazu a shekarun 2010, ita ce a ƙera ƙwarangwal mai gaɓoɓi da ƙarfe marar tsatsa, a sa shi a mazubi, a kwarara masa roba mai laushi daga wuya har idon sawu, ya fito da fata guda, babu yanka babu ɗinki. Kamfanin Phicen, wanda daga baya ya koma TBLeague, shi ya fi yin suna a wannan fanni. A kasuwa, jikin silikon ake ce wa irin wannan kaya.

Abin da nake son nunawa a wannan nazari shi ne, dabarar ba ta kawar da matsalar gaɓa ba, wuri kawai ta sauya mata. A da, abin da yake ci shi ne ƙusa ko zoben roba, ƙananan abubuwa da ake cirewa a sa sababbi. Yanzu fatar ce kanta take ci, ita kuwa guda ɗaya ce, kuma dominta aka biya kuɗin. Silikon yana jure shekaru fiye da kusan duk wata roba mai laushi da aka taɓa yin kayan wasa da ita, amma ba ya jure hannu.

Robobin da suka riga shi

Ba za a gane darajar silikon ba sai an dubi yadda na gabansa suka ƙare. Danƙon itace, wanda shi ne robar asali, doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon mai ɗauke da wasu mahaɗai masu rauni, waɗanda iskar oksijin da ozon suke sara a hankali. Shi ya sa yake bushewa ya tsattsage ko ba a taɓa shi ba. Ƙaton birin fim ɗin King Kong na 1933, wanda Marcel Delgado ya gina da roba da gashin zomo a kan ƙwarangwal na ƙarfe, shaida ne: da aka kai ɗaya daga cikin ƙwarangwal ɗin gwanjo a Christie's da ke Landan a 2009, ƙarfe ne tsura, naman ya daɗe da rubewa. Haka ya faru da hannayen roba masu damƙa da aka sa wa Action Man na Ingila a 1973 da G.I. Joe a 1974. Yau da wuya ka sami ɗaya daga cikinsu wanda yatsunsa suke cikakku.

Robar PVC, wadda aka yi kawuna da ƙafafun Barbie da ita, cutarta daban. A asalinta tauri gare ta kamar bututun ruwa, sai an gauraya ta da wani mai kafin ta yi laushi. Man bai ɗaure da sarƙar ba, zama kawai yake yi a tsakaninta, don haka da tafiya ta yi nisa sai ya tsattsafo waje, sama ta yi danƙo, ciki ya ƙandare. Yvonne Shashoua ta Gidan Tarihi na Ƙasa a Denmak, marubuciyar littafin Conservation of Plastics na 2008, ta yi dogon bincike a kan wannan tsattsafowa. Ita kuwa robar foliyuritan, wadda ake yi wa jaruman rigunan fatar bogi da ita, laima ce ajalinta: ruwan da ke cikin iska yana kwance sarƙarta, sai riga ta fara ɓarewa tana zuba ɓurɓushi. Masu tara kaya a wurare masu laima irin su Hong Kong da Singafo sun fi kowa sanin wannan. A jerin robobin da ma'aikatan gidajen tarihi suke ɗauka masu saurin lalacewa akwai PVC mai laushi da foliyuritan da tsofaffin robobin seluloz. Babu silikon a ciki.

Dalilin yana cikin ƙashin bayansa. Sarƙar silikon ba ta kabon ba ce, jeri ne na oksijin da silikan, sinadarin nan da yashi ya ƙunsa, ɗaya na bin ɗaya. Mahaɗin da ke tsakaninsu ya fi na kabon da kabon ƙarfi, wajen kilojul 450 a kowane mol idan aka gwada da wajen 350, kuma da ma a haɗe yake da oksijin, saboda haka iska ba ta da sauran abin da za ta ci. Hasken rana bai cika damunsa ba, ozon ba ya tsaga shi, yana ɗaukar zafin da ya kai digiri 200 a ma'aunin Salsiyas ba tare da ya narke ba. Frederic Kipping ya shafe shekaru a Nottingham yana nazarin waɗannan sinadarai tun farkon ƙarni na 20 bai hango musu wani babban amfani ba. Sai a 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya samo hanyar sarrafa su da yawa, a 1943 kuma aka kafa Dow Corning don wannan sana'a.

Ko a cikin silikon ɗin zubi akwai iri biyu. Akwai wanda sinadarin kuza yake daskarar da shi, mai araha da sauƙin aiki, amma yana ɗan tsukewa, kuma bayan shekaru yana rasa ƙarfinsa ya riƙa yagewa da sauƙi. Akwai kuma na filatinam, mai tsada, wanda ba ya tsukewa sosai kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Da shi ake yin fatar bogi ta 'yan fim da manyan mutum-mutumin ajiya masu dasasshen gashi. Kwalin kaya kuwa ba kasafai yake gaya maka wanne ne a ciki ba.

Inda fatar take mutuwa

Idan lokaci ba ya cin silikon, me ya sa ake yawan ganin waɗannan jikuna a yage a hammata da gwiwar hannu da matsematsi?

Abu na farko shi ne laushi. Ana auna taurin roba da ma'aunin Shore. Tayar mota tana wajen 60 zuwa 70 a sikelin A. Don fata ta yi kama da ta mutum a taɓi, kuma ta bar gaɓa ta tsaya inda aka lanƙwasa ta ba tare da ta ja ta baya ba, dole a sauko can ƙasa, zuwa wajen 10 ko ma a faɗa sikelin 00 na abubuwa masu laushin tsoka. Ana samun wannan laushi ne ta hanyar rage ɗaurin da ke tsakanin sarƙoƙi, ko a ƙara man silikon wanda ba ya ɗaurewa. Duka biyun suna rage juriya. Alƙaluman da kamfanin Smooth-On na Amurka yake bugawa a kan kayansa sun isa misali, ko da yake ba su ne masana'antun Sin suke zubawa ba. Dragon Skin 10 yana talewa har kashi 1000 cikin ɗari kafin ya tsinke, Ecoflex 00-30 wanda ya fi shi laushi yana kai kashi 900. A talewa kusan kai ɗaya suke. Amma a juriyar yagewa na farkon yana da 102, na biyun 38, bai kai rabi ba.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne abin da mai saye ba ya ganewa idan aka ja masa hannun mutum-mutumi a bidiyon talla ya ga ya miƙe ya koma. Talewa daban, yagewa daban. A. A. Griffith ya nuna a 1921, da gwajin gilashi, cewa abu ba ya karyewa don ƙarfinsa gaba ɗaya ya ƙare, yana karyewa ne daga ƙaramar tsaga wadda nauyi yake taruwa a bakinta. A 1953 wasu masana, Rivlin da Thomas, suka ɗora wannan fahimta a kan roba. Fatar silikon lafiyayya za ta iya ninka tsawonta sau da yawa. Amma da zarar farce, ko bakin zif, ko ƙarshen waya ya yi mata ɗan ƙwarzane, duk jan da aka yi a wannan yanki a bakin ƙwarzanen yake sauka, kuma kowace lanƙwasa tana ƙara masa tsawo. Danƙon itace yana da wata baiwa a nan: idan aka ja shi sosai sarƙoƙinsa suna jeruwa su yi tauri a bakin tsagar, su tare ta. Silikon a zafin ɗaki ba shi da wannan kariya.

Abu na biyu lissafi ne. Idan aka rage mutum zuwa kashi ɗaya cikin shida, tsawo ne ya ragu sau shida, amma faɗin yankan gaɓa ya ragu sau 36, yawan nama kuma sau 216. Damtsen da kaurinsa ya kai santimita 9 zai koma santimita 1.5, kuma a cikin wannan ɗan wuri ne za a cusa ƙwallon ƙarfe da farantan da suka riƙe shi. Abin da ya rage na nama a kan gaɓar 'yan milimita ne. Hannun da zai lanƙwasa ta kuwa ba a rage shi ba, na ƙato ne cikakke. Ga shi gaɓar dole ta yi tauri don ta riƙe tsayuwa, saboda haka sai an matsa da ƙarfi, kuma ta cikin naman ake matsawa.

Na uku shi ne yadda gwiwa take. Dubi gwiwar hannunka a miƙe, za ka ga fata ta tattare a bayanta, rarar da aka ajiye don ranar lanƙwasawa. Fatar tana zamewa a kan ƙashi, idan ta ji rauni kuma ta warke. Jikin zubi an daskarar da shi ne a miƙe, sumul, babu rara. Idan aka naɗe hannu, bayan gwiwar yana talewa a kan ƙarfe, cikinta yana matsewa ya ninke. A hammata lamarin ya fi muni, domin an zuba jikin hannuwa suna ƙasa, ɗaga su sama yana jan siririyar fatar da ke tsakanin ƙirji da damtse. Sau da yawa ma yankan daga ciki yake farawa, inda gefen ƙarfe yake gugar naman, kafin a gan shi a waje ya riga ya yi nisa. Idan kuma aka bar mutum-mutumin a wannan tsayuwa wata da watanni, robar da aka matse ba ta komawa daidai, ninkin ya zauna daram. Shi ya sa takardun da suke zuwa cikin kwali suke gargaɗin kada a bar shi a lanƙwashe na dogon lokaci. A ganina wannan gargaɗi amsa laifi ne: an sayar maka da abu don yana motsi kamar mutum, sannan an ce in kana son ya daɗe ka tsayar da shi ƙiƙam.

Masu fim ɗin 'yan tsana, irin waɗanda suka yi Corpse Bride a 2005 da Coraline a 2009, da wannan dabara suke aiki, silikon a kan ƙwarangwal. Su ba su yaudari kansu ba. Suna ajiye mazubi, suna zuba hannaye da yawa, suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, gyaran abin da ya yage. Mai tarawa a gida guda ɗaya yake da shi, mazubin kuma yana can a masana'anta.

Ba duk mai laushi ne silikon ba

Akwai wata roba da ake kira TPE, wadda a ido da taɓi da wuya ka bambance ta da silikon, kuma a wannan kasuwa sunan silikon yana rufe su duka biyun. TPE ɗin da ake yin jiki mai laushi da shi galibi sarƙar kabon ce mai suna SEBS, wadda aka shayar da farin mai na fetur mai yawa. Ya fi araha, ana narka shi a zuba, a sake narkawa. Ta fuskar gyara su biyun kishiyoyi ne: zafi yana narka TPE, silikon kuwa da zarar ya daskare ba ya sake narkewa, idan wuta ta ci shi farin toka yake bari. Wanda ya ɗauko maganin ɗaya ya yi wa ɗayan ya ɓata kayansa. Don haka matakin farko na kowane gyara shi ne sanin abin da ke hannunka. A ɗakin gwaji na'urar hasken infrared take fayyacewa. A gida, sai a yanko ɗan ƙwalli daga wurin da ba a gani, kamar cikin ramin wuya, a kusanta shi da ƙarfe mai zafi a ga ko zai narke.

Dukansu suna tsattsafo da mai, TPE ya fi. Man ne yake sa jiki ya yi danƙo ya riƙa kama ƙura da zaren tufafi, shi ya sa ake shafa musu hoda ko sitacin masara da burushi mai laushi. Hodar ba magani ba ce, rage gogayya take yi, amma rage gogayyar ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin ƙwarzane wajen sa riga da cire ta ake samun su. Man TPE kuma yana iya taɓa roba mai tauri da ta daɗe manne da shi, kamar bel ko sulke ko sandar da take riƙe da mutum-mutumin a ƙugu, ya laushe ta ko ya ɓata mata fenti.

Sai tabon rini, wanda ya fi yagewa yawa. Baƙin yadi ko ja mai zuba, idan ya kwana a jikin, ƙananan ƙwayoyin rinin suna narkewa a cikin man su nutse cikin naman. Ba a sama tabon yake ba, don haka sabulu ba ya fitar da shi. Abin da masu tara 'yan tsana suka daɗe suna yi shi ne shafa man ƙurajen fuska mai ɗauke da benzoyil feroksaid kashi 10 cikin ɗari, a bar shi ya kwana, a goge, a maimaita. Sinadarin yana kashe launin rinin ne. Amma bai san rinin yadi daga launin fata ba, in aka zarce sai wurin ya yi fari fat, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Wanke sababbin tufafi har ruwan ya daina canza launi, ko sa farin shafi tsakanin yadi da jiki, ya fi duk wannan wahala sauƙi. Fetur da kananzir da tina kuwa ba sa zuwa kusa: silikon suna kumbura shi, TPE suna narka shi.

Gyara

Babbar wahalar gyaran silikon ita ce halin da ya sa ake yin mazubin kek da shi: komai ba ya kama shi. Sufa-gulu, wanda shi hannu yake fara kaiwa gare shi, kuskure ne ta fuska biyu. Ba ya riƙe silikon sai da wani ruwan share fage na musamman, sannan idan ya bushe ƙandarewa yake kamar gilashi. Busasshen abu a tsakiyar nama mai talewa sabon baki ne da nauyi zai taru a kai, sai ka ga tsagar ta koma gefen gyaran ta ci gaba. Silikon ɗan'uwansa kawai yake kamawa. Gam ɗin da ya dace shi ne silikon mai daskarewa da laimar iska, dangin wanda masu aikin gilashi da alminiyam suke matsawa a gefen taga, mai warin khal ɗin nan, sai dai akwai wanda aka tace don wannan aiki, kamar Sil-Poxy.

Ga yadda aikin yake a kan tsagar da ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba a bayan gwiwar hannu. Za a miƙe hannun tukuna, don bakunan tsagar su haɗu da kansu ba tare da an ja su ba. A wanke wurin da sabulu marar mai, a goge cikin tsagar da auduga da sifirit, domin hodar da aka yi ta shafawa da man da ya tsattsafo su ne manyan abokan gabar gam. A bari ya bushe sarai. Sannan a ɗan lanƙwasa hannun kaɗan, tsagar ta buɗe baki, a ɗebo gam a kan tsinken sakace, abin da bai kai kan allura biyu ba, a shafa a bangon ciki har ƙasa, ba a saman fata ba. A miƙe hannun, bakin ya rufe. Abin da ya bulbulo a share shi nan take, don bayan 'yan mintuna ya fara kamawa. Gam ɗin yana bushewa da ƙyalli, fatar kuwa ba ta ƙyalli, saboda haka kafin ya gama kamawa sai a ɗan buga masa hoda da bakin burushi. Daga nan a ajiye shi yini guda cur, domin daga waje yake daskarewa zuwa ciki, saman yana iya bushewa alhali ƙasan danye ne.

Ko an yi komai daidai, layin gyaran ya fi naman da ke kewaye da shi tauri, kuma yana nan a daidai wurin da ya fi ko'ina shan ja. Aikin ya yi kama da na mai faci, da bambanci guda: mai faci yana ɗora ƙyallen da ya fi ramin faɗi don ya raba nauyi, kuma ba wanda ya damu da munin facin tunda cikin taya zai shiga. A nan wurin da za a ɗora facin shi ne wurin da ake kallo. Masu gyaran 'yan tsanan fim suna kauce wa wannan ta hanyar binne siririn yadin raga a cikin naman, amma a damtsen da bai fi yatsa kauri ba wurin binnewar kaɗan ne.

Idan nama ya guntule, sai ciko da sabon silikon na filatinam, a nan kuma ake gane gwani. Wannan silikon yana da tsirfa. Farar wuta, ko safar hannu ta danƙon itace, ko ragowar sinadarin kuza, ko wasu gam masu ɗauke da amin, kowanne yana kashe filatinam ɗin, cikon ya ƙi daskarewa ya zauna kamar majina. Launi kuma a cikin ruwan silikon ake haɗa shi kafin a zuba, domin fentin gama-gari ba ya zama a kai. Fatar tana ɗan barin haske ya ratsa ta, don haka launin da ya dace a cokali yana iya saɓawa idan ya yi siriri a jiki. Sannan ga ƙananan ramukan fata da aka sassaƙa a mazubi, waɗanda sai an danna wani abu mai irin zanen a kan cikon kafin ya kama.

TPE ya fi sauƙin haɗewa, ya kuma fi sauƙin ɓatawa. Ana narka bakunan tsagar da ƙarfe mai zafi irin na masu gyaran rediyo, ko a ɗiga ruwan da yake narkar da robar, su haɗe su zama abu guda. Haɗin na gaske ne, tunda naman ne ya koma cikin kansa. Amma wurin yana yin sulɓi da ƙyalli, zanen fata ya goge, kuma daƙiƙa guda ta wuce kima sai rami. Hayaƙin da ruwan duka ba na shaƙa ba ne a rufaffen ɗaki.

Wanda ba shi da magani shi ne karyewar ciki. Jikunan farko na wannan salo da ƙwarangwal ɗin roba mai tauri aka yi su, suna karyewa, abin da ya sa aka koma ƙarfe. Ƙarfen bai cika karyewa ba, amma gaɓarsa tana iya saki, ko ta ƙage. Babu ƙofar da za a bi a kai gare ta sai an yanka fatar. A gwada wannan da ƙaramin G.I. Joe na 1982, mai inci 3.75, wanda zoben roba guda yake riƙe da ƙirjinsa da ƙafafunsa. Zoben yana rubewa, tabbas. Amma akwai sukuru a bayansa: a kwance, a sa sabon zobe, a ɗaure, sojan da ya haura shekara 40 ya miƙe. Robarsa ba ta kai silikon daraja ba, amma an ƙera shi yadda za a iya shiga cikinsa.

Ma'aikatan gidajen tarihi suna da ƙa'idar cewa gyara nagari shi ne wanda za a iya warwarewa in an sami wanda ya fi shi. Gam ɗin silikon ba ya warwaruwa, narkakken TPE ma haka. Wannan ne ya sa a kan kayan roba suka fi ba da ƙarfi ga rigakafi, wato wuri mai sanyi, haske kaɗan, laima daidai, da raba kayan da ba sa jituwa. Ga mutum-mutumin silikon sanyin da duhun ba don fatar ba ne sosai, don maƙwabtanta ne: kan PVC, da rigar foliyuritan, da fenti, waɗanda duk za su riga ta tsufa. Abin da ita fatar take bukata shi ne a miƙe ta bayan an gama ɗaukar hoto, a yanke farce, a cire mata baƙaƙen kaya.

A aikace, gyaran da ya fi yawa a wannan fage sauyawa ne. Jikunan da ake sayarwa tsirara, babu kai, an yi su ne yadda kai da tafin hannu, wani lokaci har da sawu, suke cirewa, saboda haka idan jiki ya yage sai a sayo wani a mayar da kayan a kansa, kuɗinsa kuma bai kai na cikakken mutum-mutumi ba. Wannan hanya tana toshewa ne a kan jaruman fina-finai da aka ƙera da lasisi, inda jikin na wannan jarumi ne shi kaɗai, da jijiyoyinsa da zanen da ke damtsensa da launin da aka haɗa don ya dace da fuskarsa. Ana buga adadi ƙayyadadde, a rufe, lasisi ya ƙare. A nan ne ya kamata a riƙa auna kamfani da abubuwa biyu da ba sa fitowa a hoton talla: ko ya rubuta ainihin robar da ya zuba, da ko yana sayar da hannaye da jikin sauyi bayan kayan sun ƙare a kanti. Wanda kuma zai sayi irin wannan a hannu na biyu, kafin ya dubi fuska ya sa a ɗaga masa hannuwan sama a ɗauko hoton hammata, a naɗe gwiwa a ɗauko bayanta, a tuɓe rigar a ga abin da rini ya yi a kafaɗa da ƙugu.